Neman shawara daga Gusau: ina za mu samu wurin kafa tanti mu kwana cikin duwatsu?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Mu shida ne abokai tun sakandare, huɗu cikinmu mun yi sikawut, lokacin da ake fita da mu bayan gari mu kafa tanti mu kwana biyu muna dafa abinci da itace, wallahi har yau ban manta daɗin wannan abin ba. Yanzu kowa ya kama harkar gabansa, wani koyarwa wani kasuwa, sai muka ce in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara tsakanin Disamba da Janairu mu tafi wani wuri mai duwatsu sosai, mu hau, mu kwana uku ko huɗu a tanti. Mun riga mun sayi tanti biyu na gwanjo, akwai ƙaramar tukunyar gas, akwai tocila da ɗan sola na caji.

Matsalar ita ce wurin kwana. In ka kalli bidiyon turawa a YouTube za ka ga an keɓe fili musamman, da famfo da banɗaki, ka biya kuɗi a nuna maka inda za ka kafa tantinka. Na yi kwana da kwanaki ina duba taswirar Google ban ga irin wannan ba a duk yankinmu. Wani cikinmu ya ce mu je Kwatarkwashi kawai tunda ga ta nan kusa, wani ya ce duwatsun Zuru, ni kuma raina tsaunukan Mambila na jihar Taraba yake so amma ban san kowa can ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya gaya mana yadda ake samun wuri, wa ake tambaya, me ake riƙewa. Na gode.

Kawu Direba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni shekara ashirin da wani abu nika bin hanyar Gusau zuwa Funtua, Kwatarkwashi kullum sai na wuce ta gindinta, to ka ji abin da zan hwaɗa maka. Kwana bisa dutsen nan yanzu, a'a. Kar ma ku fara. Ba Kwatarkwashi ɗai ba, har duwatsun Tsafe da na Kanoma da duk wani tsauni da ke cikin jihag ga. Ku da kuke Gusau kun san halin da muke ciki, ba sai na tuna muku 2021 da anka kashe sabis ɗin waya gaba ɗaya ba.

Kuma ba ɓarayin daji ɗai nika ji muku ba. Ka duba, samari shida da manyan jakunkuna sun hau dutse da marece, dare ya yi an hango wuta da hasken tocila a sama, mi kake zaton mutanen gari za su ce? Wa zai tsaya tambaya ko ƴan yawon buɗe ido ne? Askarawa ko ƴan sa-kai ko sojoji su iske ku, kahin ku gama bayani mai aukuwa ta auku. Kuma ko kun sauko lahiya kun bar ma mutanen wurin tashin hankali, don su za a zo a tsare da tambaya su wane ne sunka kwana bisa dutsenku.

In ganin dutsen kuke so, ku tahi da hantsi, ku fara biyawa ta fada ku gaida manya ku ce ga abin da ya kawo ku, a haɗa ku da yaron gari ya nuna muku inda ake hawa da inda ba a zuwa, ku ji tarihin mutanen da sunka zauna sama da labarin kamun mikiya, kahin la'asar kun sauko kun kama hanyar gida. Shi ma sai an ce muku ranar lahiya lau ne. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Ɗiyar Zuru:

Amin Kawu. Ni ƴar Zuru ce kuma zan so ƙwarai ku zo ku ga ƙasarmu, musamman bayan kaka lokacin bikinmu na Uhola, gari ya cika, ga kokawa ga raye-raye, ku je Girmache ku ga kadoji. Duwatsu kam muna da su, kakanninmu Lelna a kansu suka zauna kafin a sauko ƙasa. Amma maganar kwana a tanti a daji abin da Kawu ya faɗa shi ne, ɓangaren Danko-Wasagu da Sakaba sun sha wuya ba kaɗan ba, kuma kowa ya tuna ɗaliban da aka kwashe a Birnin Yawuri a 2021. Ku kwana cikin gari, ku hau dutse da rana.

Wani abu kuma da baƙi ba sa lura, a wajenmu dutse ba fili ne kawai ba. Akwai inda kaburburan kakanni suke, akwai wuraren al'ada da ba kowa ke taka su ba, kai za ka ga fili mai kyau da inuwa ka ce ga wurin shimfiɗa, alhali wuri ne da masu shi suke girmamawa. Ko ba addininka ba ne, haƙƙin mutane ne. Shi ya sa duk inda za ku je a fara da tambaya.

Tsohon Kofa Na Gembu:

Malam Ɗan Sabon Gari, ni ɗan Birnin Kebbi ne amma a Gembu da ke saman Mambila na yi bautar ƙasa, kuma na hau tsaunin Chappal Waddi sau ɗaya, don haka bari in ɗan zauna a kan maganar nan, ka yi haƙuri da tsawo.

Da farko ka daina wahalar da kanka da taswirar waya. Wurin zango a ƙasar nan ba a taswira yake ba, a bakin mutane yake. Mai gari ko jauro ko ardo shi zai ce maka ku sauka can bayan makarantar firamare, ko gefen rugar wane, kuma da ya faɗi haka ka zama baƙonsa, duk garin sun san da ku, wanda ya taɓa ku ya taɓa shi. Wannan ya fi famfo da banɗakin da kake gani a bidiyo amfani nesa ba kusa ba.

Hanya: daga Gusau sai kun kai Jalingo tukuna, yawanci ta Bauchi da Gombe da Numan, ku kwana can. Washegari da asuba ku shiga motar Gembu, za ku bi ta Bali ku kai Serti, daga nan Mayo Selbe, to daga Mayo Selbe ne ake fara hawan gaske, hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani, gefe guda bango gefe guda kwazazzabo, kunnenka har toshewa yake. In kun gama hawa sai Maisamari, Nguroje, sannan Gembu hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Saman Mambila kusan mita 1,600 ne daga matakin teku, tuddai ne kore shar da ciyawa da shanu ko ta ina, ga bishiyoyin turare, ga gonar shayi a Kakara, ga ayaba da fiya da dankalin turawa, in ba an gaya maka ba ba za ka ce Nijeriya kake ba.

Serti ɗin nan kar ku wuce ta haka kawai. Nan ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, an kafa shi a 1991, kuma Chappal Waddi, wanda ake kuma ce wa Gangirwal, mita 2,419, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, a gefen gandun yake kan iyakar Kamaru. Ku shiga ofishin ku rubuta sunayenku, ku biya abin da aka ce a ba ku rasit, ku tambayi inda aka yarda a kwana da inda aka hana a wannan lokacin, su malaman daji su suka san halin da kowane ɓangare yake ciki a makon nan, ba ni da na baro wurin da jimawa ba. In cikin gandun za ku kwana ma dole da ma'aikacinsu za ku shiga. Akwai kuma dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa a saman Mambila inda masu bincike suke aiki, akwai birai manya irin masu kama da mutum a ciki, shi ma da izini ake shiga.

Mu da muka hau, daga Nguroje muka ɗauki babura zuwa Njawai, hanyar nan sai ɗan gari, wani wuri sauka kake ka tura. Muka gaida jauro, muka kai masa goro da suga da ganyen shayi, ya haɗa mu da jagora da mutum biyu masu taya ɗaukar kaya. Abin da na koya wajen jagoran nan game da zaɓen wurin kwana har yau yana kaina. Mun iso wani kwari da yamma a gajiye, ga rairayi mai laushi ga ɗan ruwa yana gudu, muka ce alhamdulillahi nan za mu sauka, ya ce sam. Ya ce ruwa zai iya sauka a can saman dutse ku ba ku ga ko hadari ba, cikin dare ƙoramar ta cika ta tafi da ku da tantin, kuma sanyi a kwari yake taruwa da asuba, ga sauro, ga dabbobi da suke zuwa sha. Muka ce to mu hau can ƙololuwa, ya ce nan ma a'a, iska za ta tumɓuke tantin, in kuma hadari ya taso tsawa wuri mafi tsawo take nema. Sai ya kai mu tsakiyar gangare inda ƙasa ta ɗan kwanta, tudu ya tare mana iska, ruwa yana ƙasa da mu tafiyar ƴan mintuna, ba bisa burtalin shanu ba, ba ƙarƙashin busasshiyar bishiya ba, ba gindin dutsen da duwatsu suke gangarowa ba. Kuma akwai ruga a kusa, muka je muka yi sallama, da safe suka aiko mana da madara mai ɗumi.

Maganar ruga ta tuna min, ƙasa a Mambila abu ne mai zafi, za ka ga tudu fetal ba kowa amma an zagaye shi da waya, na wani ne, kuma an sha rikici tsakanin makiyaya da manoma a kan fili, na 2017 ya yi muni ƙwarai. Don haka kar ku tsallaka waya, kar ku kafa tanti inda ba a nuna muku ba, kar ku sa baki a maganar wa ke da ƙasa. Ku koyi gaisuwa da Fulatanci ko kaɗan ne, shi ne yaren kasuwa a can, duk da ana jin Hausa.

Sanyi kuma kar ku auna shi da hunturun Gusau. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ga raɓa da take jiƙa komai kafin asuba. Sanyin daga ƙasa yake shigarka, don haka abin shimfiɗa ya fi bargo muhimmanci, ku samu leda mai kauri a ƙasa, sannan tabarma ko katifar soso siririya, sannan bargo. Hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa biyu biyu. Lokacin da kuka zaɓa daidai ne, Disamba zuwa Fabrairu, don daminar can doguwa ce, tana farawa da wuri ta kai har Oktoba ko ma ta wuce, kuma da damina hanyoyin ƙauye ba sa biyuwa. Sai dai da rani ciyawa ta bushe, ku share wurin murhu sosai ku kashe wuta da ruwa kafin ku kwanta, gobarar daji ɗaya za ta cinye kiwon mutane na wata da watanni.

Na ƙarshe, kuma wannan ina faɗa ne da ciwo a raina, ku daga Zamfara kuka fito, a shingen bincike da an ji sunan jihar sai an ƙara kallonku. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa da katin wurin aiki, in da hali ku karɓi takarda daga hakiminku ko wurin aikinku mai bayanin su wane ne ku da abin da za ku je yi. Kar wanda ya sa wando ko jaka mai kalar kayan soja, kar ku ɗauki adda daga gida ku saya a can in kuna buƙata, jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa ku bar shi a gida tunda bakin iyaka ne.

Yaya Nas:

Ƙannena ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana, aikin jinya nake a nan Gusau. Don girman Allah duk sanyin da za ku ji kar ku shigar da gawayi ko risho ko gas cikin tanti ku rufe, hayaƙin da yake kisa ba ya da wari ba a ganinsa, barci kawai mutum zai yi ya wuce, muna ganin irin haka duk hunturu a ɗakunan da aka rufe da kaskon wuta. Ruwan rafi komai haskensa ku tafasa. Ku riƙe gishirin zawo na leda, maganin zazzaɓin cizon sauro, bandeji, da filasta saboda kumburin ƙafa, kuma kar wanda ya sa sabon takalmi ranar hawa, ya fara takawa da shi tun yanzu. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa saboda kunama. In Allah ya kiyaye maciji ya sari wani, ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaurewa tamau da igiya, a hana ƙafar motsi a ɗauke shi a nufi asibiti, ku tambaya tun kafin ku hau ina ne asibiti mafi kusa da yake da allurar dafi. Kaltungo da za ku wuce a hanyar Gombe akwai asibitin saran maciji, amma daga saman Mambila nesa ce sosai.

Sannan ban ji ka ambaci su Mama ba. Kun gaya musu? Ku zaunar da su ku yi bayani, ku bar musu sunan garuruwan da za ku bi da ranar da za ku kira, don akwai inda sabis zai ɗauke kwana biyu, uwa a Zamfara ta kira ɗanta kwana biyu waya a kashe kai ma ka san abin da zai zo mata a rai.

Malamin Sikawut:

Duk abin da Kofa ya faɗa gaskiya ne amma ni ban goyi bayan ku fara da Mambila ba. Ku yi lissafi mana, kwana biyu zuwa kwana biyu dawowa a mota kawai, in komai ya tafi daidai, hawan Chappal Waddi da saukowa shi ma wasu kwanaki ne, ku kuma kun ce kwana uku ko huɗu gare ku. Kuma rabonku da kafa tanti tun sakandare, tantin ma na gwanjo ne ba ku san ko yana yoyo ko sandarsa ta cika ba.

Ku fara da Jos. Duwatsun Shere suna nan gefen gari, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, akwai makarantar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya a wurin wadda ake ce wa makarantar dutse, aikinsu ke nan hawan dutse da kwanan daji, mun taɓa kai yara can. Ku tuntuɓe su tun kafin ku taso ku ji ko za su karɓe ku su ba ku malami. Daga Gusau ta Funtua da Zariya da Saminaka yini ɗaya kun isa in kun fita da sassafe, sanyin Jos na Disamba kuma zai gwada muku kayanku sosai, in wani abu ya lalace ko wani ya kasa gari yana kusa. Filato ma tana da nata rikicin, ban ce ku shiga ƙauyuka kai tsaye ba, ku tsaya inda masu wurin suka ajiye ku. In kun ga kun iya, baɗi sai ku tara kuɗi da kwana goma ku yi Mambila a natse. Yau da dare ma ku kafa tantin a tsakar gida ku watsa masa ruwa da bokiti ku gani.

Tsohon Kofa Na Gembu:

Malam ya fi ni gaskiya a kan lissafin kwana, ban lura da kwana huɗun ba. Ƙasa da kwana takwas kar ku nufi Chappal Waddi, gaggawa ce take sa mutum ya yi tafiyar dare a hanyar Mayo Selbe ko ya ƙi jin maganar jagora. Amma ko ba ku hau tsaunin ba, in kun samu mako guda Gembu da Nguroje da Kakara kaɗai sun isa tafiya.

Ɗan Sabon Gari:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu mun ji, maganar kwana a Kwatarkwashi ta mutu, na tura wa abokin namu abin da ka rubuta shi ma ya yarda. Yaya Nas gaskiya ban gaya wa Mama ba tukuna, amma in sha Allahu gobe bayan sallar isha'i zan zauna da ita da Baba, in ba su amince ba na haƙura. Mun kafa tantin jiya a tsakar gida kamar yadda Malam ya ce, ɗaya lafiya lau, ɗayan zif ɗinsa ya lalace kuma yana shan ruwa ta wajen ɗinki, mun kai wa mai ɗinkin tamfol a kasuwa ya duba.

Mun tsayar da Jos bana, kwana uku, Mambila kuma mun buɗe asusu kowa zai riƙa zuba wani abu duk wata. Ƴar'uwa ta Zuru in lokacin Uhola ya matso don Allah ki sanar a nan, ko mutum biyu ne cikinmu za su zo su kwana cikin gari. Malamin Sikawut zan biyo ka ta akwatin saƙo ka nuna min yadda kuka rubuta takardar neman izini lokacin da kuka kai yara, kuma ina son sanin ko can ake samun itace da ruwa ko sai mun hau da jarkokinmu.